Yadda ake kashe ƙyallin bindigar farauta da rufin da zai daɗe

Tambaya: Bindigata ta farauta baƙa ce, amma tana da sheƙi sosai. Da rana ta taɓa bututun sai ya riƙa walƙiya, dabba ta ankara tun ban kai kusa ba. Na fesa mata fentin gwangwani ya ɓare cikin wata biyu, na naɗa mata tef sai na tarar da tsatsa a ƙarƙashinsa. Me zan yi mata ta daina ƙyalli, kuma aikin ya ɗore?

Amsa: Malam, abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne ƙyalli ba daga launi yake fitowa ba, daga santsin ƙarfe yake fitowa. Ƙarfen da aka goge ya yi sumul yana mayar da hasken rana wuri guda kamar madubi, ko da baƙi ne wuluk. Wanda fuskarsa ke da ɗan kaushi mai laushi, irin wanda ido ba ya rarrabewa amma yatsa na ji, yana tarwatsa hasken ko'ina, sai ka gan shi a dushe. Shi ya sa baƙin bututu mai santsi ya fi toka-toka mai kaushi tona asirin maharbi. Bututu kuma zagaye yake, don haka duk inda ka juya shi akwai siririn layin da zai kama rana, kuma da ka motsa, layin ya motsa. Barewa da danginta ba sa rarrabe launuka yadda muke yi, amma idonsu na kama motsi da walƙiya nan take. Tsuntsaye kuwa sun fi mu ganin launi, ga shi daga sama suke kallo, inda bututu ke fuskantar rana kai tsaye.

Fentinka ya ɓare ne don dalili biyu, kuma su ne ke kashe yawancin irin wannan aiki: akwai mai a jikin ƙarfen, kuma ƙarfen ba shi da kaushin da fenti zai kama. Tef ɗin kuma ruwa da gumi ya riƙa tarawa a ƙarƙashinsa. Tef yana da amfaninsa in fitar kwana ɗaya ce, amma sai an kware shi da yamma an goge ƙarfen.

Kafin a yi maganar fenti, ka san irin ƙarfen da ke hannunka, don ba kowace hanya ce ke karɓar kowane ƙarfe ba. Maganaɗisu zai nuna maka inda yake alminiyon, domin ba ya kama shi. A bindigogi da yawa bututu ƙarfe ne amma gidan sakata (sakata ita ce ƙarfen da ke kulle harsashi a gindin bututu) ko kewayen kunama alminiyon ne. Ƙarfe marar tsatsa da ake yin bututu da shi yana kama maganaɗisu, saboda haka a nan sai ka duba rubutun da ke jikin bututun ko takardar masana'anta.

Hanya ta farko ita ce a yi wa ƙarfen kaushi sannan a sake masa baƙin rini irin na masana'anta. Yana da kyau a ido, kuma kusan ba ya ƙara kauri, amma rinin nan siririn abu ne, bai fi maikiron biyu zuwa uku ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma ba ya tsare tsatsa sai da mai. Ana yin sa a cikin ruwan soda mai ƙuna da ke tafasa a wajen digiri 140 na ma'aunin Salshiyas, ba aikin gida ba ne. Ruwan yana cin alminiyon, yana kuma cin dalmar da aka haɗa bututu biyu da ita a tsofaffin bindigogi masu baki biyu. Ta biyu ita ce wankan fosfet, wanda aka rufe makaman sojan Amurka masu ɗimbin yawa da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Ana tsoma ƙarfe a ruwan fosfet na manganis ko na zinki mai zafin digiri 88 zuwa 99, ya riƙa tsatsafo da kumfa, in kumfar ta lafa an gama. Yana fitowa toka-toka ko baƙi-baƙi, a dushe ƙwarai, kuma jikinsa kamar soso yake, yana shan mai ya riƙe. Sai dai ba ya kama ƙarfe marar tsatsa, ba ya kama alminiyon.

Ga wanda ke shiga raɓa da ruwan sama, mu abin da muka fi ba da shawara shi ne siririn rufi na feshi da aka yi musamman don bindiga. Akwai wanda ake gasawa, kamar Cerakote jerin H, akwai wanda ke bushewa da iska, kamar DuraCoat ko Cerakote jerin C. Waɗannan suna hawa ƙarfe da alminiyon da roba duka, don haka bindiga za ta fito launi guda. Wanda ake gasawa ya fi jure gogayya. Kaurinsa maikiron 12 zuwa 25 ne kacal, wato bai kai rabin kaurin gashin kai ba. In kuma ana son a kai maƙura a kan baƙin ƙarfe, sai a yi wankan fosfet, kada a shafa mai, a fesa rufin a kansa.

Yanzu ga aikin kansa. Fara da tabbatar da babu harsashi a ciki, ka duba da ido ka taɓa da yatsa, ka fitar da harsasai daga ɗakin gaba ɗaya. Sannan a wargaza bindigar: a cire ƙota, madubin seti da ƙafafunsa, sakata, kunama da duk kayan cikinta, sifirin, fil-fil, da duk wani abu na roba. Ka ɗauki hoto a kowane mataki, ka zuba ƙananan kaya a kwano daban-daban. In ba ka taɓa kwance kunama ba, to wannan ɓangaren ka bar wa maƙerin bindiga. Ka cire ta a dunƙule ka ajiye, ba ta bukatar fenti. Ba sai an kwance bututu daga gidan sakata ba.

Wankin mai shi ne rabin aikin. A jiƙa ƙarfen tsundum a cikin asiton, wato sinadarin da ke narkar da mai, minti 20 zuwa 30. Gogewa da tsumma ba ta isa, domin man yana ɓoye a ramukan sukuru, a ƙarƙashin seti, da mahaɗar bututu da gidan sakata, inda giris na shekaru ya kwanta. Fetur da kananzir ba su dace ba, su kansu suna barin maiƙo. Daga wannan lokaci kada fatar hannu ta sake taɓa ƙarfen, sai da safar hannu mai tsabta, marar hoda. Zanen yatsa guda ya isa ya bar tabon da fenti zai ɗaga a kansa bayan wata uku.

Sai toshewa. Akwai wuraren da kaushi da fenti ba za su taɓa ba ko kaɗan: cikin bututu, mazaunin harsashi, leɓen bakin bututu, fuskar sakata, haƙoran da sakata ke kullewa da su da mazauninsu, ramin allurar da ke dukan harsashi, da fuskokin da kunama ke kamawa. Waɗannan an auna su ne daidai wa daida, kuma a kansu lafiyar mai harbi ta rataya. Fenti a mazaunin harsashi yana sa kwanso ya maƙale, a haƙoran sakata yana canza tazarar da aka auna, a kunama yana iya sa ta saki ba a taɓa ta ba. A toshe baki da mazaunin harsashi da toshiyar silikon mai jure zafi, a rufe sauran da tef mai jure zafi, a cusa tsofaffin sukurori a ramukansu. Leɓen baki yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato: nan ne wurin ƙarshe da harsashi ke taɓawa, in ya gurje a gefe guda seti ya lalace. Lambar bindiga kuma a bi ta kanta a hankali, kada a cinye ta, kada a cike ta da fenti. Dole ta kasance ana karanta ta, doka ma a yawancin ƙasashe haka ta ce.

Kaushin ana yin sa ne da injin feshin yashi, kodayake ba yashi ake zubawa ba. Yashin gaske ƙurarsa na lalata huhu har abada, kada a kusance shi. Abin da ake amfani da shi garin alminiyon okzayid ne mai lamba 100 zuwa 120, da ƙarfin iska psi 80 zuwa 100 a kan ƙarfe (psi ma'aunin matsin iska ne), wato kamar 5.5 zuwa 7 a ma'aunin bar. A kan roba a sauke zuwa psi 30 ko 40. Alminiyon da ke da taurin rufin masana'anta a ɗan kashe masa sheƙi kawai da iska kaɗan, kada a kankare rufin, don shi ne ƙarfin fuskarsa. Ana so ƙarfen ya fito fari-fari a dushe, bai ɗaya, babu inda ke ƙyalli. Ka ɗaga shi a gaban fitila ka jujjuya; duk inda ka ga ɗan haske, can fenti zai fara ɓarewa.

A nan mutane da yawa ke tafka kuskure da garin gilashi. Ƙwayoyinsa zagaye suke, ba sa yankan ƙarfe, daddaɓe shi suke yi su bar shi da ɗan laushi. In bututu marar tsatsa ne kuma ba za a yi masa fenti ba, garin gilashi yana rage masa ƙyalli, kodayake zai zauna fari, ana hango shi a cikin duhun kurmi. Amma a matsayin shimfiɗar fenti bai da amfani, babu haƙoran da zai kama. Kuma in za a bar ƙarfe marar tsatsa tsirara, a yi amfani da sabon gari. Wanda aka taɓa fesa wa baƙin ƙarfe yana dasa ɓurɓushinsa a jiki, bayan sati biyu ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa a ƙarfen da bai kamata ya yi tsatsa ba.

In babu injin, ana iya gurzawa da samfefa mai lamba 220 zuwa 320 ko jan soson gurza na Scotch-Brite. Gaskiyar magana, wannan ba ya kai na inji riƙo, musamman a kusurwoyi, don haka ka sa ran za ka riƙa yin faci.

Bayan kaushi a hure ƙurar da busasshiyar iska, a rataye kayan ƙarfen da waya, a saka su a tanda mai zafin digiri 150 na kamar awa guda, ba tare da fenti ba. Wannan gashin farko shi ke fito da man da ya ɓuya. In ka fitar ka ga wani baƙin jiƙo ya tsatso a mahaɗar bututu ko bakin ramin fil, to sai a koma asiton, a sake kaushi a wurin, a sake gasawa, har sai ya fito a bushe. Wani lokaci sai an yi sau uku. Yana da ban gajiya, amma man da bai fito yanzu ba zai fito ne a ƙarƙashin fentin lokacin gashi na biyu, ya bar zobe mai duhu da ba ya gyaruwa sai an kankare komai. Ƙarfen da aka yi wa kaushi tsirara yake, in iska na da laima yana iya soma ja cikin 'yan awoyi, don haka a fesa shi a ranar.

Tandar nan ba ta girki ba ce, a keɓe ta don wannan aiki kawai. A sa ma'aunin zafi na daban a ciki, domin abin da ke rubuce a jikin maɓalli sau da yawa ba shi ne zafin gaske ba.

Wajen haɗa fenti ne ake yanke yawan sheƙin da zai fito. Abin da ke dusar da fenti ɗan gari ne mai laushi da ke kwantawa a gindin kwalba. In ba a girgiza sosai ba, minti biyar zuwa goma, sai ka fesa ruwan sama-sama, aiki ya fito yana ƙyalli, na ƙarshen kwalba kuma ya fito kamar alli. A Cerakote jerin H, ma'aunin da aka saba shi ne kashi 18 na fenti da kashi 1 na maganin sandarwa. Kashi 24 da 1 ya fi dushewa, 12 da 1 ya fi sheƙi. Don farauta 24 da 1 ya dace, amma kada a wuce nan da sunan neman ƙarin dushewa, rufin zai yi rauni. DuraCoat kashi 12 da 1 ake haɗa shi, shi ma ƙarin maganin sandarwa ƙarin sheƙi ne. A auna da sirinji ko sikeli yadda takardar kayan ta ce, ba da ido ba. A tace kafin a zuba, a haɗa kaɗan, don da zarar an haɗa ya fara kamawa cikin 'yan awoyi.

Launi kuma, toka mai duhu, ruwan ƙasa ko kore mai duhu sun fi baƙi wuluk ɓacewa a daji. Baƙi tsantsa yana fitar da siffar bindiga a matsayin dogon layi miƙaƙƙe, abin da babu irinsa a cikin ciyawa.

Feshin ana yin sa da ƙaramar bindigar fenti mai baki milimita 0.8, iska psi 20 zuwa 25, tazarar santimita 8 zuwa 13. A sa matatar ruwa a layin iska, don ɗigon ruwa ko man kwamfireso yana barin ƙananan ramuka zagayayyu. A fara da lunguna da kusurwoyi, sannan a bi dogayen wurare da hannu ɗaya marar tsayawa, zagaye biyu ko uku. Ana so ya sauka da ɗan danshi, yana ɗan sheƙi a lokacin, zai dushe da kansa. Akwai masu ja da baya su fesa daga nesa don ya fito da kaushi. Yana fitowa a dushe kam, amma ƙwayoyin fentin sun bushe a iska kafin su sauka, ba su narke cikin juna ba. Ka shafa yatsa za ka ji kamar gari, kuma cikin sati kaɗan zai goge a inda hannu ke riƙewa. In kuma aka matso da yawa sai ya zuba hawaye, ya yi kauri, sakata ta riƙa cijewa. A sa takunkumi mai matatar tururin sinadari, ba na ƙura ba, a yi aikin inda iska ke wucewa, nesa da wuta, domin asiton kamar fetur yake wajen kamawa.

Bayan feshi a bar kayan a rataye kamar minti 15 su sha iska kafin su shiga tanda. In aka yi gaggawa, sinadarin da ke ciki zai tafasa ya huda fuskar da ƙananan ƙuraje. Gashin ƙarfe digiri 120 ne na awa biyu, ko 150 na awa ɗaya. Roba ba ta jure wannan, digiri 65 zuwa 80 na awa biyu ake ba ta. Bindiga mai baki biyu da aka haɗa da dalma a yi hattara da ita: dalmar da aka saba tana narkewa a wajen digiri 183, tandar da zafinta ke hawa yana sauka kuwa tana iya kusantar nan. Ga irin wannan, mai bushewa da iska ya fi kwanciyar hankali. Shi kuma haƙuri yake so. Cerakote jerin C yana kai ƙarfinsa a kwana biyar, DuraCoat ana iya taɓa shi a ranar, amma sai ya yi sati uku zuwa huɗu kafin ya gama taurara. In aka fita da bindigar a sati na farko, sai a ɗauka bai da ƙarko.

Madubin seti ba ya shiga tanda, ba ya shiga asiton, ba a yi masa feshin kaushi. Akwai zoben roba da iskar da aka cika shi da ita don kada ya yi hazo, zafi na lalata su. In jikinsa na sheƙi, a saya masa riga ko a rufe gilasai da lambobinsa a fesa mai bushewa da iska sama-sama. Gilashin gaba ma sau da yawa ya fi bututu walƙiya, maganinsa ɗan bututun inuwa da ake ɗaurawa a gaba, ko murfi mai ramuka irin na saƙar zuma. Ƙotar katako mai sheƙin banish kuma a bi ta da Scotch-Brite mai launin toka a hankali, ana bin tsawon itacen, har sheƙin ya mutu, ba tare da an huda banish ɗin ba. Soson ƙarfe mai laushi yana yi, sai dai yana barin ɓurɓushi a ramukan itace su yi tsatsa. In da man linsid, wato man da ake shafa wa katako, za a gama ta, tsumman da ya jiƙe da shi a shimfiɗa shi a waje ya bushe ko a tsoma shi a ruwa, don in aka dunƙule shi yana iya kamawa da wuta da kansa. Kada a manta da ƙananan abubuwa: hannun sakata, kawunan sukuru, zoben maɗauri. Sau da yawa bayan an gama wahala da bututu, ɗan farin zoben nan ne ke ci gaba da walƙiya.

Wajen mayar da kaya, in fil ya ƙi shiga raminsa kada a doke shi, a share fentin da ke cikin ramin. A tura sandar wanki cikin bututu a tabbatar babu toshiya, babu ƙwayar gari ko ɗaya, a leƙa da haske. Ba tare da harsashi ba, a gwada sakata, a gwada makullin kariya, a ɗana a ɗan bubbuga gindin ƙota a ƙasa a ga ko kunama za ta saki da kanta. In ta saki, bindigar ta koma wurin maƙeri kafin ta ga harsashi. Sannan a je a sake seti, domin duk bindigar da aka raba da ƙotarta da madubinta ba ta komawa daidai inda take.

Abu na ƙarshe da ke dawo da ƙyalli shi ne mai. Kaushin da aka sha wahalar yi, in aka malala masa mai, man zai cike ramukan ya mayar da fuskar santsi. A kan rufin feshi mai na cikin bindiga ne, inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, da cikin bututu. Waje tsumma mai ɗan danshi ya ishe shi, a bi da busasshe. Wankan fosfet da baƙin rini su suna bukatar mai, amma a shafa a bar shi ya shiga, sannan a goge har sai tsumma ya daina ɗauka. Kakin gyaran mota da man goge ƙarfe kada su kusanci ko ɗaya. Inda tafin hannu ke riƙewa kullum zai ɗan yi santsi bayan shekaru; a wanke wurin da sabulu da ruwa tukuna, don sau da yawa maiƙon hannu ne kawai, in bai tafi ba a ɗan shafa Scotch-Brite mai launin toka sau biyu ko uku ba tare da dannawa ba.